Ciwon da Ba Ya Bayyana Sai Na Miƙe Tsaye

Ranar da na fara faɗuwa a gaban jama'a ina sahun gaba ne a masallacin unguwarmu da ke Funtuwa, a sallar Asuba, cikin azumin shekarar 2019, wanda ya faɗo a zafin watan Mayu. Mun taso daga sujada zuwa raka'a ta biyu, liman ya idar da Fatiha ya kama sura mai ɗan tsawo, sai na ji dokin wuyana ya yi nauyi kamar an aza mini buhun taki, ganina ya fara dushewa daga gefe-gefe yadda hasken fitilar ƙwai yake ja baya idan ana murɗa lagwani ƙasa, muryar liman kuma ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ban sake sanin komai ba sai da na buɗe ido na gan ni kwance a kan shimfiɗar masallaci, rigata sharkaf da ruwan buta, mutum biyun da suke gefena sun yanke sallarsu suna gardama ƙasa-ƙasa a kaina. Ɗaya yana cewa a sa mini dabino a baki domin sugana ne ya faɗi, ɗayan yana cewa alfijir ya riga ya keto, kada a karya mini azumi ba da sanina ba. Ni kuwa ina jin su sarai, hankalina ya dawo garau, kuma babu abin da yake damuna in ban da kunya.

A lokacin ina da shekara 63, na yi ritaya daga aikin malamin gona bayan shekara 35 ina yawo ƙauye-ƙauye a kan babur, ina koya wa manoma tazarar shuka da feshin auduga, kuma ban taɓa ɗaukar tsayuwa a matsayin aiki ba. Tun 2006 aka tabbatar mini da ciwon suga, kuma tunda shaida nake bayarwa dole in faɗi cewa ban riƙe shi da muhimmanci ba a shekarun farko. In na ji ƙarfi sai in ajiye magani, in an yi suna ko ɗaurin aure kuma ba na mayar da lemon kwalba. Saboda haka kowa, har da ni, ya ɗauka suga ne ya faɗi. Da aka raka ni gida babban ɗana ya huda mini yatsa ya auna, sai na'ura ta nuna sama da 200, wato sugan ma sama ya yi. Muka dubi juna, babu wanda ya san abin da zai ce, aka bar maganar a kan gajiya da rashin barci.

Bayan sallah na je asibitin da nake da kati. Na daɗe a kan benci ina jiran layi, da aka kira ni kuma aka ce in hau gado in kwanta, aka ɗaura mini abin awo a damtse, aka samu 170 bisa 95. Da ma ina shan maganin hawan jini guda ɗaya, sai aka ƙara mini na biyu, irin wanda yake sa yawan fitsari, aka kuma ja mini kunne a kan gishiri. Kafin nan an riga an ba ni wata ƙwaya mai suna amitiriftilin saboda zugi da raɗaɗin da tafin ƙafata yake yi da dare, an kuma ba ni wata ta sassauta mafitsara domin fitsari yana yi mini gardama. Kowane magani da dalilinsa, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, domin wanda ya ga 170 a gabansa ba shi da laifi in ya ce jini ya hau. Abin da na sani kawai shi ne, a cikin wata shida da suka biyo baya na faɗi sau bakwai, kuma duk lokacin da aka kwashe ni zuwa asibiti aka kwantar, awo yana nuna hawan jini ne. Mafi munin faɗuwar ita ce ta banɗaki, da wata asuba cikin hunturu, na yunƙura daga tsuguno na miƙe gaba ɗaya, na farka goshina yana jini a bakin bokiti, sai da aka yi mini ɗinki biyar.

Daga nan ne masu ba da shawara suka yi yawa, kuma duk da kyakkyawar niyya suka zo. Wasu suka ce ƙarancin jini ne, aka dinga haɗa mini madara da maltina da ganye iri-iri, alhali gwajin yawan jini bai nuna wata matsala ta a zo a gani ba, madarar da maltinar kuwa suga kawai suka ƙara mini. Wasu suka ce farfaɗiya ce ta tsufa, amma uwargidana ta ce ita ba ta taɓa ganin na ciji harshe ko na fitar da kumfa ba, kuma ba ta taɓa ganin mai farfaɗiyar da zai farfaɗo nan take ya tambayi ina hularsa ba. Wata gwaggon yarana ta dage a kan cewa iska ce, tunda abin ya fi samuna a banɗaki da kuma gab da asuba. An yi mini addu'o'i, na karɓa hannu biyu, har gobe kuma ina karɓa. Wani maƙwabci ya kawo mini zoɓo da tafarnuwa saboda ya ji an ce hawan jini gare ni, na sha kwana uku, jiri ya ƙaru, na daina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yake aikina ya saba mini da rubuta ranar shuka da ranar saukar ruwa, sai na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta lokacin da jirin yake zuwa da abin da nake yi kafin ya zo. Ba a yi wata biyu ba na ga abin yana da tsari. Da sassafe ya fi tsanani, musamman daren da na tashi fitsari sau huɗu ko biyar. Yana zuwa kamar rabin sa'a bayan na cika cikina da tuwo ko shinkafa. Yana zuwa idan na yi wanka da ruwa mai zafi, ko na tsaya a rana a wurin jana'iza. Tafiya ba ta cika kayar da ni ba kamar tsayuwa cak a wuri ɗaya, shi ya sa nake iya zuwa kasuwa da ƙafa amma ba na iya tsayawa ciniki. Ciwon dokin wuya da kafaɗu kuwa da na zauna yake raguwa, da na kwanta yake ɓacewa kamar an ɗauke da hannu. Na kuma rubuta wasu abubuwa da ban zaci suna da dangantaka da faɗuwar ba: ƙafafuna sun daina gumi sun bushe har dunduniya tana tsagewa, amma da na fara cin abinci sai gumi ya keto mini a goshi da wuya ko da sanyi ake yi, loma kaɗan kuma take cika mini ciki, bahaya yana yi mini wuya, harkar iyali ma ta yi rauni, abin da na kasa faɗa wa kowa a lokacin.

'Yar autata, wadda take makarantar koyon aikin jinya, ita ce ta ɗauki littafin ta karanta shi tun daga farko wani hutu da ta zo, sannan ta ce, "Baba, an taɓa auna ka kana tsaye kuwa?" Na ce mata tun da nake zuwa asibiti ban taɓa ganin an auna mutum a tsaye ba. Ta matsa wa yayanta har aka samo mini takardar turawa zuwa wani babban asibitin koyarwa, muka je a watan Maris na 2021. Likitar da ta gan ni ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, kuma da farko na raina ta a raina, Allah ya yafe mini. Ta karɓi littafin nan ta yi shiru tana buɗa shafi-shafi, ta sa aka zazzage ledar magungunana a kan tebur ta jera su, sannan ta ce in kwanta minti biyar cur ba tare da magana ba. Ta auna, 172 bisa 96, bugun zuciya 80. Ta ce, "To Baba, a miƙe, amma ɗanku ya tsaya a bayanku." Bayan minti ɗaya awo ya nuna 118 bisa 70. Bayan minti uku ya nuna 94 bisa 58, ni kuma na fara jin buhun nan a wuyana, bangon ofis yana yin fari-fari. Bugun zuciya kuwa 84 kacal. Ta zaunar da ni ta juyo da takardar ta nuna mini lambobin a jere, wannan ne karo na farko da na ga ciwona a rubuce.

Bayanin da ta yi mini na riƙe shi ne ta hanyar noman rani, domin ita ce hanyar da kaina ya fi ɗauka. Duk mutumin da ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita zuwa lita guda yakan gangara zuwa ƙafafu da cikinsa, kamar yadda ruwa yake bin gangare zuwa kwamin da ya fi ƙasa. A cikin manyan hanyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya akwai wasu 'yan masu gadi da suke jin raguwar matsin jini nan take, su aika saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aiko da umarni ta wasu jijiyoyi masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa jiran izinin mutum, su ne masu kula da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci da mafitsara. Bakin waɗannan jijiyoyi yana sakin wani sinadari mai suna noradiranalin, shi yake tsuke hanyoyin jini na ƙasa, ya kuma ƙara wa zuciya sauri, domin jini ya ci gaba da isa kai. Wato akwai mai ban-ruwa a jiki da yake toshe wannan hanya ya buɗe waccan, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, duk tsawon rayuwa, mutum bai ma san da shi ba. Nawa mai ban-ruwan ne suga ya cinye a hankali cikin shekara 15, kamar yadda ya ci jijiyoyin tafin ƙafata. Ta ce ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, in lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa ta ragu da 10 cikin minti uku da miƙewa, to akwai saukar jini ta tsayuwa, tawa kuwa ta ragu da 78. Abin da ya nuna mata cewa daga jijiyoyi ne matsalar take shi ne zuciyar da ba ta ƙara sauri ba, domin wanda gudawa ko zubar jini ta ƙarar da ruwan jikinsa, zuciyarsa takan yi ta dukan tara-tara in ya miƙe, tawa kuwa bugu huɗu kawai ta ƙara.

Na tambaye ta hawan jinin da ake ta gani fa, ƙarya na'ura take yi? Ta ce gaskiya ne, kuma ciwo ɗaya ne mai fuska biyu, domin jikin da ya kasa ɗaga jini in an tsaya, shi ne kuma yake kasa sauke shi in an kwanta. Ta ƙara da cewa idan irina ya kwana a miƙe sambal, jinin da ya hau yana sa ƙoda ta yi ta zubar da ruwa da gishiri cikin dare, sai a wayi gari jiki ya tsotse, shi ya sa safiya ta fi kowane lokaci haɗari. A nan ne faɗuwata ta masallaci ta warware mini gaba ɗaya: na kwana ina fitsari, na tashi na cika ciki da tuwon sahur har jini ya tattaru a hanji, ga zafin bazara ya buɗe hanyoyin jini na fata, sannan na taso daga sujada na tsaya cak ina sauraron doguwar sura. Babu abin da ya rage ban haɗa ba.

Ba ta tsaya a kan suga kawai ba. Ta sa na yi tafiya a gabanta, ta lanƙwasa hannuwana tana neman sandarewa, ta duba ko yatsuna suna karkarwa, ta tambayi ko ina jin ƙanshi, ta kuma sa aka kira uwargida a waya aka tambaye ta ko ina kai duka ko ihu cikin mafarki. Dalili shi ne wannan lalacewar jijiyoyi tana zuwa tare da cutar Fakinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, tana zuwa da wata cuta mai tsanani da take taɓa sassa da yawa na ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma takan zo ita kaɗai ba tare da suga ko karkarwa ba, irin wadda wasu likitoci biyu a Amurka, Bradbury da Eggleston, suka fara bayyanawa a 1925 bayan sun lura da majinyata uku. Ni ba a samu alamun waɗancan a jikina ba. Amma ta gargaɗe ni da abu biyu da suka tsaya mini a rai: mai irin wannan lalura sugansa yana iya faɗuwa ƙwarai ba tare da ya ji rawar jiki ko bugun ƙirjin da yake faɗakar da sauran mutane ba, kuma ciwon zuciya yana iya kama shi ba tare da zafin ƙirji ba. Na tambaye ta ko jijiyoyin za su dawo. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin haka ba, abin da za a iya shi ne a riƙe suga don kada ɓarnar ta ci gaba da sauri, a kuma koya mini zama da abin da ya rage.

Maganin farko ragi ne. Ta cire mai sa fitsari, ta cire na mafitsara, ta janye amitiriftilin a hankali ta musanya shi da wani, domin dukansu ukun suna ƙara saukar da jini a tsaye. Na hawan jini ta mayar da shi wani mai gajeren aiki da zan sha da dare kaɗai. Sannan ta ce a ɗaga kan gadona kamar taƙi guda, ta kuma nanata cewa tara matasai ba zai yi ba, gadon ne gaba ɗaya ake so ya karkata daga kai zuwa ƙafa. Muka sa bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai. Makon farko na yi ta zamewa ina farkawa a ƙarshen katifa, uwargida tana dariya, har sai da kafinta ya buga mini katako a wajen ƙafa. Tashin fitsari ya ragu daga biyar zuwa biyu, shi ma a cikin roba nake yi a bakin gado ina zaune. Kwanciyar rana a tabarma kuwa an hana ni, sai dai in kishingiɗa a kujera.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Ta ce in shanye rabin lita cikin minti uku zuwa biyar kafin in sauko daga gado, wato ledar fiyawata guda cif, kuma a kwankwaɗe ake so, kurɓa-kurɓa ba ta yin aikin. Ga masu irin ciwona wannan yana ɗaga jini cikin minti goma zuwa ashirin, ya riƙe shi kamar sa'a guda. Na gwada da na'urar awo da ɗana ya sayo mini, na ga lambar sama ta ƙaru da fiye da 20, ban ƙara musu ba. Yanzu duk inda na san zan tsaya, ko banki ko gaisuwar mutuwa, leda tana aljihun babbar rigata. Gishiri kuma, bayan an gwada ƙodata da zuciyata, ta yarda a ɗan mayar mini da shi cikin miya gwargwado, abin da ya sa uwargida ta riƙe baki, domin shekara da shekaru tana raba mini tukunya. Wannan hukunci na likita ni kaɗai ya shafa bisa gwajin da aka yi mini, na san masu suga da yawa da gishirin zai halaka su. Abinci ya koma kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, malmalar tuwo ta koma rabi, wake da ganye suka ƙaru. An rubuta mini doguwar safa mai matse ƙafa har ƙugu, na sa ta kwana huɗu cikin zafin Afrilu na cire, domin azabarta ta fi ƙarfina. Ɗamarar ciki mai faɗi ita ce ta karɓe ni, ina ɗaura ta kafin in miƙe, in kwance ta in zan kishingiɗa. Ta koya mini kuma in jiri ya taso inda babu wurin zama, in harɗe ƙafafu in matse cinyoyi da ɗuwawu, ko in tsuguna kamar mai gyara takalmi. Masai ma sai da aka canza mini zuwa na zama.

Da aka yi wata biyu ana wannan, sai ta ƙara mini ƙwaya mai suna midodirin, wadda take tsuke hanyoyin jini na tsawon sa'a uku zuwa huɗu. Akwai wani maganin, fuludurokotizon, mai sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, amma ta ce da irin hawan jinin da nake yi a kwance ba ta so ta fara da shi, ga shi yana kumbura ƙafa yana kuma rage sinadarin fotasiyam. Midodirin ina shan sa kafin in tashi, da hantsi, da kuma bayan Azahar, ba na kuma sha daga La'asar, domin dole a bar aƙalla sa'a huɗu tsakaninsa da kwanciya. Yana sa tsigar jikina ta tashi, fatar kaina ta yi ta ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin hula. Samunsa ma wahala ne, kemis-kemis na garinmu ba su san shi ba, sai ɗana ya yi saƙo daga nesa, wani lokaci a yi mako biyu babu, in koma ga ruwa da ɗamara.

Duk waɗannan ban sha wuyar karɓarsu ba kamar maganar sallah da azumi. Likita ta ce mini kada in yi azumi, domin wanda maganinsa ruwa ne ba zai wuni sa'a goma sha huɗu ba ruwa a bazara ba, ga kuma suga. Na ce to, amma da watan ya kama a tsakiyar Afrilun 2021 sai na ɗauka a ɓoye, ina ganin mutumin da bai sha azumi ba tun yana ɗan shekara 13 ba zai fara yanzu ba. Rana ta uku da La'asar aka tsince ni a zaure. Washegari na aika aka ɗauko ni zuwa wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gabansa, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya karanto mini ayoyin azumi na cikin Baƙara inda aka yi wa marar lafiya rangwame, ya ce tunda likita ta ce ciwon ba mai tafiya ba ne, in ciyar da miskini a madadin kowace rana. Game da sallah kuma ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini, sahabin da basir ya dame shi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya yi maka rangwamen ya fi ka sanin jikinka, kuma kana katse wa mutum biyu sallah duk ranar da ka faɗi." Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta karya mini gardama, domin ban taɓa duban abin ta wannan fuskar ba.

Wani bawan Allah ya saya mini kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu, na yi masa godiya amma na tambayi malam, ya ce tunda tsayuwa ce ta gagare ni, sujada ba ta gagare ni ba, in zauna a ƙasa in kai goshina inda kowa yake kai nasa. Haka nake yi. Ranar da na ji ƙarfi ina yin kabbarar harama a tsaye sannan in zauna, ranar da ban ji ba in fara a zaune. Makonnin farko ina jin idon mutane a ƙeyata, musamman baƙin da ba su san ni ba, suna ganin dattijo ya shigo da ƙafarsa garau ya zauna yana sallar farilla, har wani saurayi ya taɓa tare ni a bakin ƙofa zai yi mini nasiha. Na ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, na nuna masa tabon goshina, ya ba ni haƙuri. Shan ruwa da rana cikin azumi kuwa har yanzu a ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, domin ba na so jikokina su gani kafin su kai shekarun da za su fahimta. Babur na sayar da shi. Gonata ta bakin rafi na ba ƙanena yana nomawa muna rabawa, nakan je da yamma in rana ta yi sanyi, in zauna a kan kututture in yi ta gyara musu tazarar masara da baki.

Rabona da faɗuwa har ƙasa tun damina ta 2022, ranar da na ji kukan jikata a tsakar gida na zabura daga kujera na manta da kaina. Jiri kam bai bar ni ba, kuma akwai ranakun zafi da ba na fita ko ƙofar gida daga hantsi har La'asar sakaliya. Ina tashi minti arba'in kafin kiran assalatu, in laluba ledar ruwa da uwargida take ajiye mini a kan akwati tun dare, in shanye, in haɗiyi ƙwaya, in zauna a bakin gado ina motsa yatsun ƙafa da dunduniya har in ƙirga ɗari, sannan in ɗaura ɗamara, in dafa bango in miƙe, in tsaya in ji ko buhun yana nan. Littafin awo na cika na huɗu ke nan, kuma duk wanda ya zo duba ni ya ce mini tsohonsa mai suga yana yawan jiri, nakan ɗauko na'ura in nuna masa yadda ake auna mutum a kwance sannan a tsaye, in ce ya kai wa likita lambobin biyu tare. Na yau da asuba da na rubuta su ne 158 bisa 90 a kwance, 112 bisa 68 bayan minti uku a tsaye, da su na taka zuwa masallaci na samu sahun gaba, kusa da bango.